Asibiti a bakin rafi: ta ina za a fara shirin ambaliya da zafi?

Sakataren Kwamiti, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masana nake nema. Akwai wani asibiti mai gado 40 a ɓangarenmu na Kumasi, a gangare yake, kusa da rafin Aboabo. Yana da ɗakin haihuwa, ƙaramin ɗakin tiyata, ɗakin gwaji, firjin rigakafi da na jini, janareta mai kVA 60 da rijiyar burtsatse ɗaya. Masu zuwa ganin likita su koma gida sukan kai 150 a rana. Shugabannin asibitin sun nemi kwamitin unguwa ya zauna da su, a rubuta irin haɗarin da sauyin yanayi ke jawo wa wurin da abin da za a yi a kai. Kuɗin hannu ba su da yawa. Wasu a kwamiti sun ce a sa sola, wasu sun ce a zagaye wurin da katanga mai tsawo. Me ake dubawa, da wane tsari? In abu biyu ko uku kaɗai za a iya yi bana, wanne za a sa a gaba?

Injiniya, Asawase

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ku ajiye maganar sola da katanga tukuna, domin duka biyun amsa ce, ku kuwa ba ku gama haɗa tambayar ba. Tambayar ita ce: in aka yanke asibitin nan daga gari har awa 72, ba wutar ECG (kamfanin rarraba wutar lantarki), ba ruwan famfo, ba hanyar mota, mene ne zai fara tsayawa, kuma bayan awa nawa? Duk binciken a kan wannan yake.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'aunin tsaron asibiti. Bugun 2015 yana da tambayoyi 151, a ƙarshe a jefa asibiti a rukunin A, B ko C. Yana da kyau, amma aikin tawaga ne mai injiniyan gini a ciki, kuma an fi yin sa domin manyan asibitoci. A 2020 hukumar ta fitar da jagora kan wuraren kiwon lafiya masu jure sauyin yanayi, ta raba aikin gida huɗu: ma'aikata, ruwa da tsafta da shara, wuta, sai gini da kayan aiki. Wannan rabon ya ishe ku. Amma kada a cika shi a ofis. A ɗauki tef ɗin awo, fenti da littafi, a zagaya tare da mai gadi da mai kula da janareta da masu shara, su ne suka san inda ruwa ke fara shigowa.

Abu na farko shi ne layin ruwa. Ku nemi alamar ambaliya mafi tsawo da aka taɓa gani, a jikin katanga, a gidajen maƙwabta, a bakin dattawan unguwa. Ofishin NADMO, hukumar kula da bala'o'i, na Asokore Mampong ma a tambaye su. Ku ƙara santimita 50 a kan wannan alamar, domin gine-gine sun cinye fadamun da ke shanye ruwa a da, ruwan sama guda ɗin yanzu ya fi tashi sama. Ku ja layi da fenti a kowane gini ta amfani da siririn tiyo mai ruwa irin na magina. Duk abin da ya faɗo ƙasan layin ku rubuta shi: janareta, akwatin sauya wuta (mai mayar da asibiti daga ECG zuwa janareta), babban akwatin rarraba wuta, soket, kan rijiya, bakin tankin ƙasa, kwalayen magani, fayil ɗin marasa lafiya. Sau da yawa za ku tarar janareta na zaune a kan dandamali mai kyau, amma akwatin sauya wutar yana gwiwa. Ruwa ya taɓa shi, janareta lafiyarsa lau, asibiti cikin duhu.

Yanzu janaretan. Mai kVA 60 yana ba da kimanin kilowat 48. In yana ɗauke da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, zai sha lita 10 zuwa 11 na dizal a awa. Awa 72 ke nan lita 720 zuwa kusan 800, wato duro huɗu. Ku leƙa tankin ku ga nawa ke ciki yau. Dizal da ya wuce wata shida a ajiye yana tara ruwa da dauɗa a gindi, musamman a danshin Kumasi, sai ya toshe filta a daidai ranar da ake buƙatarsa. A riƙa amfani da tsoho ana cika da sabo, a zubar da ruwan gindin tanki duk wata, a ajiye filtar mai biyu da bel na fanka. Abin da ya fi hana janaretan asibiti tashi kuwa batirin kunnawa ne, ba wani babban abu ba. A sa masa caja mai aiki kullum, a canja shi duk shekara biyu ko da bai nuna gajiya ba. Gwaji kuma ba kunnawa a ji ƙara a kashe ba ne. Sau ɗaya a wata a yanke wutar ECG da hannu, a bar asibitin kacokan a kan janareta minti 30, a duba daƙiƙa nawa wutar ta yi kafin ta dawo ɗakin tiyata. In ta wuce 15, akwai gyara. Janaretan da ke yawan aiki ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa shi ma yana lalacewa, mai da bai ƙone ba yana taruwa a bututun hayaƙi.

Tankin dizal a ɗaure shi da ƙarfe a jikin siminti, a kewaye shi da ɗan kwarmin da zai riƙe fiye da abin da ke cikinsa in ya tsiyaye. Tanki mai rabin mai yana tashi sama a kan ruwa, ya tsinke bututu. Mun ga abin da man fetur a kan ruwan ambaliya ya yi a gidan mai na Circle a Ankara, babban birnin Gana, ranar 3 ga Yuni 2015, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Tukwanen oksijin ma a ɗaure su da sarƙa a tsaye, nesa da mai.

Game da sola, ga lissafi domin kwamiti ya san abin da yake faɗa. A ware layin wuta na abubuwan da rai ya rataya a kansu kaɗai: injin tace oksijin huɗu, kowanne wat 350 ko kusa, na'urar ɗumama jariri ɗaya, firji biyu, fitilar tiyata, injin zuƙe majina, fitilu da fankokin ɗakin haihuwa. A matsakaici za su ci kilowat 2 da rabi. Daga faɗuwar rana zuwa hantsi awa 14 ne, wato kilowat-awa 35, batirin lithium ɗin da zai ɗauki wannan sai mai kilowat-awa 44 ko fiye. A wuni guda ana buƙatar 60. Kumasi gari ne mai hadari, a Yuli da Agusta kada a lissafa fiye da awa 3 da rabi na rana mai ƙarfi, a kuma cire kashi ɗaya cikin huɗu na asara. Zai kai ku ga faifan sola fiye da 40 masu wat 550. Tukunyar dafa kayan tiyata da na'urar sanyaya ɗaki ba sa cikin wannan lissafin, kuma kada a bari kowa ya jona su a layin. In kuɗin bai kai ba, a fara da raba layin da ƙaramin batiri na awa 4 zuwa 6 wanda ECG ko janareta ke cajawa, a ƙara faifai a hankali. Batirin gubar nan na gargajiya kuwa, duk ƙarin zafi na digiri 10 sama da 25 yana rage rabin rayuwarsa, saboda haka ɗakin batiri ba ɗan kurkukun kwano ba ne.

Kada kuma a ɗauka ambaliya ce kaɗai ke kashe wuta. Fari ya janye ruwan madatsar Akosombo mai samar da wuta a 1983, a 1998, da 2006 zuwa 2007, duk ƙasa ta shiga rabon wuta. A Satumban 2023 kuma ruwan ya yi yawa har aka buɗe madatsar, garuruwan Mepe da Battor suka nutse. Gefe biyun duka suna iso ga soket ɗin asibitinku.

Duba-Gari, Sabon Zango

Injiniya ya yi bayanin wuta yadda ya kamata. Ni dai a ganina ruwa ne ke rufe asibiti kafin wuta. Ana iya karɓar haihuwa da tocila, amma ba a yi ba ruwa.

Ma'aunin tsaron da ya ambata yana son a ajiye lita 300 ga kowane gado a rana har kwana uku. Gado 40 ke nan lita 36,000. In an samu, madalla. In ba a samu ba, ga mafi ƙarancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa: lita 40 zuwa 60 ga mai kwanciya a rana, lita 5 ga mai zuwa ya koma, lita 100 ga kowace haihuwa ko tiyata. Ga asibitinku: 2,400, da 750, da 500 in an yi biyar a rana, jimla 3,650. A ƙara wanki, masai, ma'aikata da masu jinya, domin a wurinmu mara lafiya ɗaya yakan zo da mutum biyu ko uku, ga alwala. A riƙe lita 6,000 a rana. Kwana uku 18,000, wato tankin roba na Polytank biyu masu lita 10,000. Kowanne in ya cika tan 10 ne, saboda haka magini na gaskiya zai yi masa mazauni. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku na ruwan ya kasance a sama, yana gangarowa da kansa. Ruwan da ke tankin ƙasa yana jiran injin turawa, ranar da babu wuta kamar babu shi ne. Ruwan famfo daga madatsun Barekese da Owabi shi ma da wuta ake turo shi, kuma in damina ta dama shi da laka, aikin tacewa yana raguwa.

Rijiyar burtsatse ce abin tsorona a wurin da kuka kwatanta. Ku auna tazararta da sokawe ko masai mafi kusa, har da na maƙwabta bayan katanga. Mita 30 ake so. A cikin zango da wuya a samu, to sai a ɗauka ruwan gurɓatacce ne har gwaji ya nuna akasin haka. Bututun kan rijiyar ya zarce layin fentin Injiniya, a rufe shi ruf, a zuba siminti kewaye da shi mai gangara waje. In ambaliya ta haye kan rijiya, a daina sha nan take, a zuƙe ruwan har ya yi garau, a zuba kulorin mai ƙarfi ya kwana, a sake zuƙewa, a kai samfur ɗakin gwaji kafin a koma amfani.

Kulorin ɗin ruwan sha: a samu miligiram 0.5 a lita bayan minti 30 da zubawa, a auna da ƙwayar gwaji a famfon da ya fi nisa da tanki, kowace safiya. In ruwan ya yi duhu da laka, kulorin ba ya cin ƙwayar cuta yadda ya kamata, sai an bar shi ya kwanta ko an tace. Na wanke-wanke lokacin kwalara kala uku ne, da garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70. Giram 30 a lita ɗaya domin kashi da amai da gawa. Giram 30 a lita 10 domin daɓe, gado da bokiti. Giram 7 a lita 10 domin hannu. A rubuta a jikin kowane bokiti da fenti, domin na farkon yana ƙona fata, na ƙarshen kuma ba ya kashe abin da ke cikin kashi. Garin yana rasa ƙarfi a zafi da danshi, kuma yana iya tada wuta in ya haɗu da mai, kada a ajiye shi ɗaki ɗaya da dizal.

Abin da mutane ba sa tunawa shi ne ruwa ba ta ƙofa kaɗai yake shiga ba. Gota ta cika, ƙasa ta ƙoshi, tankin masai ya cika, sai ƙazanta ta dawo ta bututu ta fito a banɗakin ɗakin haihuwa. Maganinsa bawul mai hana komowa a kan babban bututun fita, da kwashe tankin a watan Fabrairu ko farkon Maris kafin babbar damina, a sake dubawa a Agusta kafin ƙaramar. Murfin ramukan dubawa a ɗaga su. Ramin mahaifa, ramin allurai da wurin tara jakunkunan sharar asibiti masu ruwan ɗorawa su ma su hau saman layi, in ba haka ba ambaliya za ta raba wa unguwa allurai.

Rufi kuma: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufi mai murabba'in mita 600, ruwan milimita 50, lita 30,000 ke nan, sau da yawa cikin awa guda. Indararo ƙanana da bututun sauka biyu ba za su ɗauka ba, sai ya koma cikin silin ya sauko kan wayoyi. A ƙiyasi, bututu mai faɗin milimita 100 ɗaya ga kowane murabba'in mita 60 zuwa 70. Wannan ruwan in aka zubar da na farkon, sauran ya isa wanki da masai.

Gotar waje ba ta asibiti kaɗai ba ce. Leda da robar ruwa da yashi ne ke toshe ta. Nan ne aikin kwamitinku: a yi magana da Sarkin Zango da limamai, a yi sanarwa ranar Juma'a, a fito aikin gayya kafin Maris, kuma a shirya motar da za ta kwashe abin da aka fitar a ranar. In aka tara shi a bakin gota, ruwan farko zai mayar da shi.

Malamin Magani, Nima

Gaisuwa daga Ankara. Zan tsaya a kan sito da firji.

Magungunan da ake rajista a Gana ana gwada su a kan digiri 30 da danshi kashi 75. Sito mai rufin kwano ba silin yana wuce haka da rana a Fabrairu da Maris. Ku rataya ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa, a rubuta safe da yamma. Kwali kada ya taɓa ƙasa ko bango, a ɗora a kan katako ko kanta, masu tsada da masu ceton rai a can sama.

Rigakafi digiri 2 zuwa 8. Jini 2 zuwa 6. Firjin gida yana rasa sanyinsa cikin kamar awa 4 in wuta ta tafi. Firjin rigakafi mai bangon ƙanƙara yana riƙewa awa 20 ko fiye in ba a buɗe shi ba, akwai kuma mai aiki da sola kai tsaye ba batiri, wanda ke yin kwanaki. A manna takarda a jikin kowane firji: awa nawa yake riƙewa, wa za a kira, ina za a kai kayan. A yi yarjejeniya tun yanzu da ofishin lafiya na gunduma ko wani asibiti da ke kan tudu.

Kuskuren da ya fi yawa ba zafi ba ne, daskarewa ne. Wuta ta ɗauke, hankali ya tashi, a kwaso ƙanƙara daga firiza a jera kwalabe a kanta. Allurar Penta ta jarirai, ta ciwon hanta, ta tetanus da ta nimoniya duk suna mutuwa in sun daskare, kuma alamar da ke jikin kwalba zafi kaɗai take nunawa. A bar fakitin ƙanƙarar a waje har sai an girgiza an ji ruwa na motsi a ciki, sannan a jera. In ana shakka, a yi gwajin girgizawa tare da kwalbar da aka daskarar da gangan ta narke: a girgiza su tare a ajiye, in abin ciki ya kwanta da sauri kamar na waccan, ta lalace.

Oxytocin, allurar tsayar da jini bayan haihuwa, na son firji, kuma wanda zafi ya taɓa ba ya canja kala, sai dai a yi wa mai jego jini ya ƙi tsayawa. A ajiye misoprostol a cikin fakitinsa na alminiyam ba a ɓalle ba, domin danshi ne ke kashe shi, da tranexamic acid wanda ba ya buƙatar sanyi. In ana samun carbetocin, madadin oxytocin mai jure zafi, ya fi dacewa da irin wurinku. Injin GeneXpert na gwajin tarin fuka, in kuna da shi, yana fara ba da matsala in ɗaki ya wuce digiri 30. Injin tace oksijin kuma danshi da ƙurar hunturu suna rage masa ƙarfi. A wanke filtarsa duk mako, a auna abin da yake fitarwa, in ya sauka ƙasa da kashi 82 a janye shi. A ajiye tukwanen oksijin cikakku na aƙalla kwana ɗaya.

Kayan kwalara a shigo da su kafin Mayu. A 2014 ƙasar nan ta ga mutum kusan 29,000 da suka kamu, mafi yawansu a Ankara, ta kuma sake ɓullowa a Ada a Oktoban 2024 ta bazu zuwa wasu jihohi. Babban mutum mai kilo 60 da ya bushe sosai yana buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya, lita 6 na Ringer's lactate, a awa ukun farko. Mutum goma irinsa a dare ɗaya lita 60. Ku ƙirga abin da ke sitonku da wannan idon, tare da manyan allurai na ƙarin ruwa, gishirin ORS da zinc na yara.

Hajiya Nas, Alabar

Sannunku da ƙoƙari. Injiniya, Malam Duba-Gari, duk kun karkata ga ambaliya saboda ita ake gani a talabijin. Ambaliya kwana biyu ce ko uku a shekara. Zafi kuwa wata uku ne, daga ƙarshen Janairu zuwa Afrilu, kuma ba a rubuta shi a takardar mutuwa. A Fabrairun 2024 zafin kudancin Afirka ta Yamma ya kai har ana tsayar da wasa a gasar kofin Afirka a Kodebuwa domin 'yan ƙwallo su sha ruwa. Mai naƙuda a ƙarƙashin kwano ba wanda ke tsayar mata da wasa.

Ku sa ma'aunin zafi da danshi a ɗakin haihuwa, ɗakin yara, ɗakin da ke fuskantar yamma da rumfar jira. A rubuta ƙarfe 2 na rana da 10 na dare har mako huɗu. Na daren ya fi muhimmanci, domin jikin da bai huce da dare ba shi ke faɗuwa washegari. Gyaran ba tsada: farin fenti a kan kwano, silin mai abin tare zafi, ƙofofin iska a saman bango domin zafin cikin rufi ya fita, tagogin luba masu raga a bango biyu da ke kallon juna, rumfa ko bishiya a yamma, ruwan sha a rumfar jira. Kwalbar jarirai ɗumamawa take yi, ba ta sanyayawa. In ɗakin ya fi zafin da aka saita ta, jaririn zai yi zafi fiye da kima, a ɗauka cuta ce a fara masa allura. Ɗakin jarirai digiri 25 zuwa 28 ake so, kuma kada hasken taga ya sauka kan kwalbar.

Ma'aikata su san bugun zafi: jiki digiri 40, ga ruɗewa ko suma. A cire kaya, a jiƙa jiki da ruwan sanyi ana fifita, tun kafin sakamakon gwaji ya fito. Paracetamol ba ya sauke irin wannan. Gwajin maleriya ya nuna akwai ba ya nufin ba zafin ba ne, mutum na iya ɗauke da duka biyun. Waɗanda za a fi sa wa ido: masu ciki, tsofaffi, masu sikila, masu ciwon ƙoda, masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari. A shekarun nan azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris, tsakiyar zafin. Asibitin da ke cikin zango ya kamata ya kira masu ciwon suga da hawan jini makonni kafin Ramadan a daidaita musu magani, a kuma haɗa kai da malamai su faɗa wa mutane wanda shari'a ta ɗauke wa.

Ku ciro alƙaluman DHIMS2, rajistar bayanan lafiya ta kwamfuta, na asibitin na shekara biyar, wata-wata: gudawa, maleriya, asma, haihuwar bakwaini, jariran da aka haifa ba rai. Ku jera su kusa da watannin ruwa, hunturu da zafi. Gudawa kan biyo ambaliya cikin kwanaki, maleriya sai bayan makonni. Daga nan za a san watan da bai kamata a ba mutane da yawa hutu ba.

Sannan a rubuta inda kowane ma'aikaci yake kwana da gadar da yake hayewa. In ungozoma uku cikin huɗu suna hayin rafi ɗaya, ranar ruwa ungozoma ɗaya kuke da ita. In GMet, hukumar hasashen yanayi, ta yi gargaɗin ruwa mai ƙarfi, masu aikin dare su shigo da wuri, a tanadi katifa da abinci. Kada a matsa wa kowa ya keta ruwa: mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da mutum, 30 yana ɗaga ƙaramar mota, balle pragya, babur mai ƙafa uku. A san hanya biyu zuwa asibitocin Komfo Anokye da Manhyia, a bi su da mota a ga inda ruwa ke yankewa. Masu cikin da ake sa ran za su buƙaci tiyata a watan Yuni, a tura su da wuri. Lambar gaggawa 112, amma a ajiye lambobin direbobin unguwa a takarda, da fom ɗin takarda na ranar da kwamfuta da intanet suka tsaya. A kuma gwada kwashe marasa lafiya zuwa sama ko tudu sau ɗaya a shekara, da dare, da ma'aikatan da ke bakin aiki a lokacin, a duba agogo.

Sakataren Kwamiti, Aboabo

Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara sani. Abin ya yi yawa, Injiniya. Yaya za mu jera su a gaban shugabanni? Kuma katangar fa, a bar ta gaba ɗaya?

Injiniya, Asawase

Hajiya ta yi gaskiya a kan zafi, a sa ma'aunan nan tun makon nan.

Jerawa: kowace matsala a ba ta maki 1 zuwa 5 na yawan faruwa, da 1 zuwa 5 na ɓarna, inda 5 ke nufin wani zai iya mutuwa a ranar. A ninka su. Duk abin da ya kai 15 ya hau shafin farko, a gefensa kuɗinsa da sidi, sunan mutum ɗaya da zai ɗauki nauyi, da ranar gamawa. In aka rubuta "hukuma" a gurbin suna, ba za a yi ba. Daga abin da kuka kwatanta, ina sa ran ukun farko su zama ɗaga akwatunan wuta da kan rijiya sama da layi tare da bawul ɗin masai, sai tankunan ruwa, sai raba layin wutar gaggawa da ƙaramin batiri. Fentin rufi da aikin gota ba sa jiran kasafi.

Katanga kuwa, ta bulo mai inci 5 ba madatsa ba ce. Ruwa mai zurfin mita ɗaya yana tura kowace mita ta tsawonta da nauyin kusan rabin tan, in ta faɗi kuma ruwan a lokaci guda zai shigo. Ko ta tsaya, ruwan saman da ya sauka a cikin harabar ba shi da mafita sai da rami da injin zuƙa, ga ƙofar mota a buɗe, ga wanda ke ɓullowa ta bututu. Kuma abin da kuka tare gidajen maƙwabta zai nufa, su ne kuma 'yan kwamitinku. In layin fentin bai wuce santimita 60 daga daɓe ba, a yi wa ƙofofin gine-gine masu muhimmanci allunan tare ruwa masu roba a gefe, waɗanda ake zurawa cikin ƙarfen da aka kafa a jikin ƙofa, a toshe ramukan da waya da bututu ke shiga. In ya wuce haka, kada a yi ƙoƙarin tare shi, bangon ginin kansa zai iya tsagewa. Sai a mayar da ɗakin haihuwa, sito da firji zuwa gini mafi tudu, a bar na ƙasan ga ofis da wurin jira. Ku auna ku turo mana tsawon layin a ƙofar ɗakin haihuwa da ta ɗakin janareta, da hoton akwatin sauya wutar a buɗe.